Kandaji: Shekarun Jira, da Abin da Alƙali Zai Iya Yi wa Talaka

Shagona yana Yakite, nan Kilomita Biyar a Bangi, ba nisa da gada. Shinkafa da albasa da man girki nake sayarwa. Da dare, idan aka ɗauke wuta, mukan zauna a bakin shago da 'yan'uwa 'yan kasuwa ana shan shayi, kowa na faɗin abin da zai yi ran da ya koma gida. Ni nawa zancen ɗaya ne, har sun sa mini suna Alhaji Kandaji. Yau zan faɗi dalilin sunan, ko wani ya tsira daga abin da ya same ni.

Kandaji wani gari ne a bakin kogin Kwara cikin jihar Tilaberi, wajen kilomita 180 daga Yamai ta arewa maso yamma. A nan ne Nijar ta ƙudiri gina madatsar ruwa mafi girma a ƙasar. Alkawari uku aka yi: wutar lantarki megawat 130, gonakin rani hekta 45,000, da ruwan da za a riƙa saki da rani don kada kogin ya ƙafe a Yamai. Marigayi Shugaba Tanja Mamadu ya aza tubalin farko a watan Agustan 2008. Aka ba wani kamfanin Rasha, Zarubezhvodstroy, aiki bai tafi ba, aka soke kwangilar a 2013. A watan Maris na 2019 Shugaba Mahamadu Isufu ya sake ƙaddamar da aikin a hannun kamfanin Gezhouba na Sin. Da aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, masu ba da kuɗi suka dakata, kamfanin ya tsayar da aiki a watan Agusta. A watan nan kuma Najeriya ta yanke wa Nijar wuta, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar daga can take zuwa. Ran nan kowa ya ga amfanin madatsar da ba a gama ba.

Ni ta ina abin ya shafe ni? A rikicin Bangi na 2013 da 2014 mun ga abin da ba ya faɗuwa. Na kai iyalina gida, na dawo da ɗan abin da ya rage. Ƙanena yana kasuwanci a Ayaru, garin da kasuwarsa ke ci ran Lahadi, kuma yana cikin garuruwan da za a tayar in ruwa ya taru. Ya kira ni ya ce, “Yaya, wani dillali yana da fili, ya ce nan hanyar ruwa za ta bi. In ka saya, ka huta da zaman ƙasar mutane.” Ni ɗan manomin albasa ne, zuciyata ta kwanta. Na aika kuɗi ban je na gani ba. Uwar 'ya'yana ta ce, “Alhaji, ba a zubar da ruwan randa don an ga hadari.” Ban ji ba. Filin na nan, ƙaya ce kawai ke fitowa, dillalin kuma ya ɓace. Laifin wannan nawa ne.

Na ƙanena ya fi nawa ciwo, don shi ba kwaɗayi ya kai shi ba. Mutum kusan dubu 50 aka ce za a tayar. Wanda aka gaya wa zai tashi, ba ya gina ɗaki mai kyau, ba ya dasa mangwaro, ba ya faɗaɗa shago. Yaransa da aka ƙirga suna goye, yanzu sun isa makarantar sakandare. Wannan asarar ba ta cikin lissafin kowa.

Wata rana wani matashi a majalisarmu ya ce, “Baba, ba a kai irin wannan kotu ne?” Tambayar ta tsaya mini a rai, na shiga bincike, na tarar da shari'a iri biyu.

Ta farko a Indiya, kan madatsar Sardar Sarobar a kogin Narmada. Firaminista Nehru ya aza tubalinta a 1961. Mutanen da ruwa zai ci garuruwansu suka haɗa ƙungiya, suka kai ƙara Kotun Ƙoli a 1994, aiki ya tsaya a 1995. A watan Oktoban 2000 kotu ta ce a ci gaba, amma hawa-hawa: ba a ƙara tsayin bango sai kwamitin da ke kula da sake tsugunar da jama'a ya amince. A 2017 ta ba da umarni a biya iyalai 681 da ba su sami gona ba rupi miliyan 6 kowane. A shekarar aka ƙaddamar da madatsar, shekara 56 bayan tubalin farko. Kotu ba ta sa aikin ya yi sauri ba, wasu ma har yau suna kuka da diyya. Amma ta ɗaure tashin bango da haƙƙin talaka, ta kuma sa ma'aikatan gwamnati suna zuwa gabanta da rahoto a rubuce.

Ta biyu a Najeriya, kan Mambila a jihar Taraba, aikin wuta mai megawat 3,050. A 2003 aka ba kamfanin Sunrise kwangila. Da aka ba kamfanonin Sin aikin a 2017, Sunrise ya kai ƙara kotun sasanta rigimar kasuwanci da ke Faris, yana neman dala biliyan 2.3 da ɗoriya. A Janairun 2025 tsofaffin shugabanni biyu, Obasanjo da marigayi Buhari, suka ba da shaida a can. Har zuwa 2025, shekara 22 bayan kwangilar farko, Mambila ba ta kunna ƙwai ko ɗaya ba. Wannan shari'ar manya ce kan kuɗi, babu manomi a cikinta.

Mu 'yan kasuwa mun san bambancin. In tela ya karɓi kuɗinka da yadinka, salla ta wuce bai ɗinka ba, ka kai shi gaban sarkin kasuwa. Sarkin kasuwa ba ya hawa keke ya yi maka ɗinkin. Abin da zai yi shi ne ya sa tela ya faɗi rana a gaban shaidu, ya faɗi inda kuɗin ya shiga, in ya sake saɓawa ya biya. Haka alƙali yake. Ba ya kwaɓa siminti, ba ya samo kuɗin da Bankin Duniya ya riƙe. Amma yana iya cewa a kawo jadawalin aiki, a dawo bayan wata uku, a biya wane diyyarsa. Sai dai fa alƙali ba ya zuwa gidanka neman ƙara.

To ina ƙofa ga mutanen Ayaru? Kotun ECOWAS da ke Abuja tana karɓar ƙarar ɗaiɗaikun mutane, amma ficewar Nijar daga ƙungiyar ta tabbata a Janairun 2025. Akwai kotunan cikin gida. Akwai kuma kwamitin sauraren koke na Bankin Duniya, wanda aka kafa a 1993 bayan rigimar Narmada ɗin nan. Mutum biyu ko fiye da aikin bankin ya cuta suna iya rubuta masa, kuma bankin na cikin masu ba Kandaji kuɗi, tare da Bankin Raya Afirka da Bankin Musulunci.

Shawarata ga 'yan'uwa da ke Bangi, Duwala, Njamena ko Kumasi: kada ka sayi fili don an ce ruwa zai zo, sai ka taka ƙafarka ka ga hanyar ruwan. In danginka na cikin waɗanda za a tayar, su adana takardar ƙidaya da ta fili, su ɗauki hotonsu a waya su turo maka. A rubuta ranar kowane taro da abin da aka yi alkawari. Kuma a haɗa kai, don murya ɗaya ba ta kai bakin kotu. Mu da muke waje, kuɗin lauya ba zai gagare mu ba in mun yi karo-karo.

Makon jiya ƙanena ya kira, ya ce bangon ɗakin Inna ya tsage, yana tunani ko ya bari tunda tashi za a yi. Na ce ya sayi siminti buhu huɗu ya gyara kafin damina, na aika masa kuɗin. Inna ba za ta kwana cikin yoyo tana jiran madatsa ba. Allah ya nuna mana ranar da ruwan zai shiga gonaki, amin.