Yadda Kusurwa Ke Nuna Alƙibla

Duk maginin da aka ba aikin masallaci a Kano sai ya amsa tambaya ɗaya kafin a haƙa tushe: ina alƙibla take? Lissafi ya nuna cewa daga Kano, Ka'aba tana wajen digiri 68 daga arewa idan aka juya ta hannun dama. Ke nan ba gabas tsantsa ba ce, ta karkata arewa da digiri 22.

Da wannan digiri 22 ake aikin. Ana shata layi biyu a ƙasa, ɗaya ya miƙe gabas, ɗaya arewa, irin tsarin da Descartes na Faransa ya bayyana a 1637. Sai a nemi kosain da sain na kusurwar a kalkuleta, su ba da 0.93 da 0.37. Idan igiyar da za a ja mita 10 ce, sai a ninka lambobin nan sau goma: ana auna mita 9.3 gabas, a juya arewa mita 3.7, a kafa turke. Igiyar da ta haɗa mafari da turken ita ke fuskantar alƙibla.

Inda ake yawan ruɗewa shi ne kamfas daga arewa yake ƙirga, littafin lissafi kuwa daga gabas yake farawa ya juya hagu. Lallai mai awo ya tantance wanne yake bi kafin ya ja layi.