Albashin farko ne ke mayar da ɗan kasuwa mai karɓar haraji

Wanda ya karɓi takardar rajistar kamfaninsa daga hukumar CAC yakan kai ta wurin mai firam, ya rataye a bango, yana ganin ya gama da gwamnati. Da sauran aiki. Ranar da ya ɗauki ma'aikaci ya yanka masa albashi, doka ta ɗora masa wani nauyi da bai nema ba: ya cire harajin ma'aikacin tun kafin kuɗin su shiga hannunsa, ya kai wa jiha. Wannan tsari shi ake kira PAYE.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne wurin da za a kai kuɗin. Harajin ribar kamfani na gwamnatin tarayya ne, a hannun hukumar da aka sani da FIRS, wadda ta koma NRS. Harajin albashi kuwa na jiha ne, kuma jihar da ma'aikaci yake zaune, ko da a wata jihar ofis yake. Mai gidan burodi a Abuja wanda ma'aikatansa ke tasowa daga Suleja kullum safiya, jihar Neja ce ke bin sa harajinsu; na Mararaba kuma Nasarawa. Ke nan ƙaramin kamfani ɗaya zai iya buɗe fayil a hukumomin haraji uku, kowacce da ma'aikatanta da takardunta. Wahala ce, babu shakka, amma akwai hujja: inda mutum yake kwana, nan 'ya'yansa ke zuwa makaranta, nan yake zuwa asibiti.

Rajistar kanta ba ta da wani sirri. Ana zuwa hukumar tara kuɗin shiga ta jiha, irin su KIRS a Kano da KADIRS a Kaduna, da takardar CAC da lambar haraji da jerin ma'aikata da albashin kowa. Daga nan sai kiyaye ranaku biyu: abin da aka cire a wata ya isa asusun jiha zuwa 10 ga watan da ke biye, cikakken bayanin shekara kuma zuwa 31 ga Janairu.

Sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, ta fara aiki a Janairun 2026, ta ɗauke haraji daga naira 800,000 na farko a shekara. Daga nan ake hawa mataki-mataki, daga kashi 15 har zuwa kashi 25 cikin ɗari ga manyan masu samu. Wasu masu shaguna da suka ji haka sun ce tunda yaransu ba su kai ba, babu ruwansu da ofishin haraji. Ai hukuma ba ta san ba su kai ba sai ka nuna mata a rubuce.

Wanda ya fi shiga uku shi ne mai cirewa ya riƙe, yana juya kuɗin a kasuwa da niyyar biya in ciniki ya buɗe. Kuɗin nan amana ce, gumin ma'aikaci ne. Asiri yakan tonu ranar da ma'aikacin ya je neman takardar shaidar biyan haraji don sayen fili ko neman kwangila, a duba a ga babu sunansa. Sai masu bincike su zo su buɗe littattafan shekarun baya, mai kamfani ya biya bashin daga aljihunsa, haɗe da tara da kuɗin ruwa.