MACIJI A TSAKAR GIDA: YADDA ZA MU RABU DA SHI LAFIYA

Duk wanda ya zauna a wannan yanki namu na Kumbotso, Kura da Bunkure ya san ruwa ba ya yanke mana, rani da damina. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, aka janyo ruwa ta manyan magudanai zuwa Kadawa da kewayenta, manoma suka sami abin yi duk shekara: shinkafa, alkama, masara, tumatir da albasa. Wannan albarka ce babba. Amma inda ruwa yake kwance akwai kwaɗi, inda hatsi yake jibge akwai ɓeraye, kuma kwaɗo da ɓera su ne abincin maciji. Shi ya sa ba baƙon abu ba ne a wayi gari a ga saɓar maciji a gindin rumbu ko a bayan ɗakin kwanan ɗalibai.

Nufinmu a nan shi ne mu bayyana abin da ya kamata a yi idan maciji mai dafi ya mai da tsakar gida wurin zamansa, domin a rabu da shi ba tare da an rasa rai ko gaɓa ba.

MACIZAN DA YA KAMATA MU SANI

Macizai iri-iri ne a ƙasar Hausa, kuma da yawa cikinsu ba su da dafin da zai kashe mutum. Guda uku ne suka fi ɓarna a arewacin Nijeriya.

Ta farko ita ce kububuwa, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa. Ƙarama ce, da wuya ta wuce santimita 60, launinta kamar na ƙasa, da zane-zane a baya. Idan ta fusata takan naɗe ta riƙa goga jikinta, a ji ƙara kamar ruwa ya zuba a mai mai zafi. Dafinta yana hana jini daskarewa, sai a ga jini yana fita ta dasashi, ta hanci, ko ta tsohon miki. Cikin mutum 100 da ta sa wa dafi, 10 zuwa 20 sukan mutu idan ba su sami magani ba.

Ta biyu ita ce kasa. Gajeruwa ce mai kauri, da faffaɗan kai. Ba ta gudu idan ta ji mutum, sai ta lafe a cikin ganye ko a bakin hanya, shi ya sa ake taka ta. Saranta yana kawo mummunan kumburi, nama ya ruɓe, har wani lokaci sai an yanke ƙafa.

Na uku shi ne gamsheƙa. Dogo ne, yakan kai mita 2, yana ɗaga kai ya fasa wuya. Yana iya feso dafi cikin idon mutum daga nisan mita 2 ko fiye. Shi ne ya fi shiga gida, domin yana bin ɓeraye, kwaɗi, ƙwai da 'yan tsaki. Binciken da likitoci suka yi a Zariya da Malumfashi a shekarun 1970 ya nuna cewa da yawa daga waɗanda ya sara, da dare ya same su a ɗaka suna barci a ƙasa.

Ka'idarmu ita ce, duk macijin da ba mu tabbatar da irinsa ba, mu ɗauke shi a kan mai dafi ne.

ME YA KAWO SHI GIDA?

Maciji ba ya zuwa gida don neman mutum. Abu uku yake nema: abinci, maɓoya, da wurin da zafi ko sanyi ba zai dame shi ba, domin jikinsa ba ya yin ɗumin kansa kamar namu. Da hunturu yana neman ɗumi a tarin itace, a ƙarƙashin harawa ko kusa da murhu. Da bazara yana neman sanyi a gindin randa, a rariya ko a banɗaki. Da damina ruwa yakan cika ramukansa ya koro shi kan tudu, wato cikin gidajenmu. Lokacin girbi kuwa, ɓera yana bin dami zuwa gida, maciji yana bin ɓera.

Idan mun fahimci wannan, mun fahimci rabin maganin. Macijin da aka kashe yau, wani zai maye gurbinsa gobe muddin abincin da maɓoyar suna nan.

IDAN MUKA GAN SHI

1. Mu ja da baya a hankali, aƙalla taku 5. Kada mu yi tsalle ko mu kai masa duka don firgita.

2. A kwashe yara, a ɗaure awaki, a kore karnuka da kaji. Taron 'yan kallo yana rufe wa maciji hanyar gudu, kuma macijin da aka ritsa shi ne mai sara.

3. Mutum ɗaya babba ya tsaya daga nesa ya zuba masa ido, don a san inda ya shiga. Macijin da ya ɓace a cikin gida ya fi wanda ake gani haɗari.

4. Idan a fili yake kuma akwai hanyar fita zuwa jeji, a buɗe masa ita, kowa ya kauce. Sau da yawa da kansa zai sulale ya tafi. Watsa masa ruwa daga nesa yakan sa ya ƙara sauri.

5. Idan cikin ɗaki yake, kowa ya fito, a rufe ƙofa, a toshe ƙarƙashinta da tsumma, a kira wanda ya san aikin. Ɗalibi kuwa aikinsa ɗaya ne: ya sanar da malamin da ke kan aiki ko maigadi. Ba jarunta ba ce yaro ya zura hannu ƙarƙashin akwati.

IDAN YA ZAUNA DARAM A GIDAN

Alamun macijin da ya daɗe a wuri su ne saɓa, sawun jan ciki a kan rairayi, ɓacewar ƙwai da 'yan tsaki, da kaji masu firgita da dare. Ga yadda za a bi da shi.

Da farko a gano maɓoyarsa. A barbaɗa toka mai laushi ko rairayi a bakin duk ramin da ake zato da yamma, a duba da safe. Sawun zai nuna ramin da ake shiga da fita.

Na biyu, a sanar da mai unguwa da maƙwabta, domin macijin da aka koro daga gida ɗaya gidan gaba zai faɗa. A nemi wanda aka san ya ƙware wajen kama maciji, ko a tambayi ma'aikatan gandun daji ko duba-gari na ƙaramar hukuma. Mu tuna cewa gwanin kamu dabarar hannu ce da shi, jininsa irin namu ne, shi ma dafi yana kama shi.

Na uku, idan tarin itace ne, ko bulo, ko kara, a rushe shi da rana tsaka, ba da magariba ba. Mai aikin ya sa dogon takalmin roba da wando mai kauri, ya sa tabarau saboda tofin gamsheƙa, ya yi amfani da manjagara mai dogon ƙota. A fara daga ɓangaren ɗakuna a nufi waje, don hanyar gudunsa ta kasance ta jeji. Abin da za a ɗaga, a ɗaga gefensa na nesa a jingino shi wajen mai ɗagawa, domin ya zama garkuwa tsakaninsa da abin da ke ƙasa.

Na huɗu, a toshe rami da duwatsu da siminti bayan an tabbata ya fita.

Akwai abubuwan da ba za mu yi ba. Kada a zuba fetur ko kananzir a rami a kunna wuta. An sha ƙona rumbu da ɗaki ta haka, kuma man yana iya tsiyaya zuwa rijiya. Kada a ƙona taya a cikin ɗaki, hayaƙinta guba ne ga mutane. Gishiri, tafarnuwa da baƙin mai da ake zagaye gida da su, ba su da tabbacin hana maciji wucewa. Illarsu ita ce sukan sa maigida ya saki jiki.

Mun san cewa a gidan da ke da ƙananan yara, sau da yawa shawarar da ake yankewa ita ce a kashe shi. To a sani, mutane da yawa wajen kisan ne ake saransu. Aikin babban mutum ne wanda ya saba, da doguwar sanda, ba da adda ko fartanya mai gajeruwar ƙota ba. Hausawa sukan yi wa mai barin aiki rabi kirari da wanda ya kashe maciji bai sare kansa ba. Mu ƙara da cewa ko an sare kan, yana iya sara har bayan wani lokaci. A ɗauke shi da shebur, a binne shi da zurfi inda yara da karnuka ba za su tono ba.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

A yanke ciyawa a kewayen gida, makaranta da majami'a, a bar fili fetal na taku da yawa daga bango. A ɗora itace da buhunan hatsi a kan dakali nesa da ɗakin kwana. A share zubabben hatsi da buntun shinkafa, a rufe abinci, a yaƙi ɓeraye da tarko da kyanwa. A fitar da akurkin kaji daga kusa da ɗaki, a riƙa kwashe ƙwai kullum. A sa ragar ƙarfe a bakin rariya, a liƙe tsagar bango da ƙarƙashin ƙofa. A rushe surin gara da ke cikin gida.

Da dare kada a fita ba tocila ba takalmi, ko da zuwa banɗaki ne. Maciji ba shi da kunne a waje irin namu, amma yana jin motsin ƙasa, saboda haka tafiya da ƙarfi tana ba shi damar kaucewa. A kwana a kan gado, cikin gidan sauro da aka cusa gefensa ƙarƙashin katifa. Gidan sauron nan aiki biyu yake yi. Da safe a kakkaɓe takalmi kafin a sa. Masu ban ruwa a gonakin rani, musamman masu buɗe ruwa da asuba, su sa dogon takalmi, kada su zura hannu a rami ko kwalbati.

IDAN SARA YA AUKU

A janye mutumin daga wurin, a kwantar masa da hankali. A cire zobe, awarwaro, agogo da takalmi kafin kumburi ya taso. A ɗora wa gaɓar itace kamar yadda ake yi wa karaya don kada ta motsa, amma kada a matse. A ɗauke shi, kada ya yi tafiya da ƙafarsa. A kai shi asibiti mafi kusa nan da nan, ko da ya ce ba ya jin komai, domin dafin kububuwa yakan ɗauki sa'o'i kafin ya nuna kansa. Idan yana amai a kwantar da shi a gefe.

Kada a ɗaure da igiya ko roba. Kada a tsaga. Kada a tsotse. Kada a ba shi asfirin ko makamantanta, suna ƙara zubar jini. Farasitamol ya isa. Baƙin dutsen da aka daɗe ana ajiyewa a gidaje da ƙananan ɗakunan shan magani an gwada shi a kan dabbobi, ba a ga ya janye dafi ba. Kada a ɓata lokaci wajen farautar macijin. Idan ana iya ɗaukar hotonsa da waya daga nesa, ya wadatar.

Idan tofi ne a ido, a wanke da ruwa mai yawa na minti 15 ko fiye, kada a murza, kada a ɗiga ruwan ganye, sa'an nan a tafi asibiti. Jinkiri yana iya makantarwa.

A asibiti akan ɗibi jini kaɗan a zuba a kwalbar gilashi mai tsabta, a bar shi minti 20. Idan bai daskare ba, an san dafi ya shiga jini, sai a yi allurar kashe dafi. Ita kaɗai ce maganin da aka tabbatar. Ana yin ta ne daga jinin dawakai ko tumaki da aka riƙa sa wa dafi kaɗan-kaɗan. An samar da EchiTAb-G a Birtaniya don saran kububuwa, da EchiTAb-Plus a Kosta Rika don macizan nan uku. An gwada su a kan majinyata 400 a asibitin Kaltungo na Jihar Gombe, aka buga sakamakon a 2010. Tun a shekarun 1970 Dokta David Warrell, wanda a lokacin yake Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi bincike a kan saran kububuwa, har da asibitin mishan na Bambur. A nan Kano kuma Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ya yi suna a duniya a wannan fanni.

Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa kowace shekara saboda saran maciji. A 2017 ta sa shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci, a 2019 kuma ta fito da shirin rage mace-mace da nakasa da rabi kafin 2030.

KIRA GA ƊALIBAI DA IYAYE

Ba kowane asibiti ne ke da allurar a kowane lokaci ba. Saboda haka muna ba kowane gida shawara ya bincika tun yanzu inda ake samunta, ya kuma riƙe lambar mai mota ko mai babur da za a iya tasa da tsakar dare. Ranar sara ba ranar tambaya ba ce.

Ku kuma ɗalibai, idan kun koma gida hutu, ku zagaya tsakar gidanku da idon wanda ya karanta wannan bayani. Ku duba tarin itace, gindin rumbu, akurki da rariya. Ku karanta wa iyaye da ƙanne abin da za a yi da abin da ba za a yi ba. Sharar yini ɗaya ta fi jinyar wata uku sauƙi. Allah ya kiyaye mu duka.