Zahirin Dutse da Baɗininsa



Duk wanda ya hau gadar Kennedy, wadda tun 1970 take sada tsakiyar Yamai da Harobanda, ya ɗora amanarsa ne, ko ya sani ko bai sani ba, a kan ƙasar da ke ɗauke da ginshiƙanta da tsakuwar da aka kwaɓa da simintinta. Ƙarƙashin wannan yanki kuwa akwai tsohon dutsen Liptako, wanda masana suka ƙiyasta shekarunsa da kimanin miliyan 2,000, bisansa kuma dutsen yashi da marmara suka kwanta.

To, yaya ake sanin ƙarfin dutse alhali ba a ɗora masa nauyi ba? Mai fasa dutse yakan buga guduma ya saurari amo. Amma ma'abota ilimin duwatsu, irin waɗanda ake horarwa a Jami'ar Abdou Moumouni, sukan bi tafarkin da Sorby na Ingila ya share a 1849, watau su yanko ɗan ɓallin dutse, su manna shi a gilashi, su yi ta goga shi har kaurinsa ya koma kashi 3 cikin 100 na milimita, haske ya iya ratsa shi, sa'an nan su sanya shi ƙarƙashin madubin ƙara girma.

A nan baɗini yake bayyana. Idan ƙwayoyin dutsen ƙanana ne, gefunansu masu haƙora sun sarƙe da juna ba rata, alama ce ta ƙarfi. Idan kuwa manya ne masu santsin gefe, ko sun jeru fuska guda, ko ruwa ya bi tsagogi ya mai da wasunsu farar laka, to dutsen yana iya cin amana komai kyawun zahirinsa. A 1987 wasu masana biyu, Howarth da Rowlands, suka tattara siffar ƙwayoyi da jerinsu da cunkosonsu cikin adadi guda, domin a yi hasashe da lissafi.

Sai dai, kamar yadda malaman fiƙihu ba su gabatar da ƙiyasi a kan nassi, haka injiniya nagari ba ya wadatuwa da madubi, sai ya matse samfurin dutsen cikin na'ura har ya fashe, domin shaidar ƙwayoyi hasashe ce kawai. Fa'idar madubi ita ce ya nuna wurin da ya cancanci a kashe kuɗin gwaji, ya kuma bayyana dalilin rauni idan an same shi.