Ƙarancin Jinin da Ƙwayar Tebur Ba Ta Magani

Daga Illela har Birnin Ƙonni, da ɗan kasuwa ya fara haki da kasala sai mu ce jini ne, a sayo masa ƙwayar ƙarin jini a tebur. To, akwai ƙarancin jinin da sinadarin ƙarfe ba ya warkarwa. Rashin bitamin B12 ko folik asid ke kawo shi: ƙwayoyin jini su yi girma amma su ƙaranta, harshe ya yi ja yana zafi.

B12 na cikin hanta, nama, ƙwai, kifi da nono. Folik kuwa na cikin wake da ganye, sai dai doguwar dahuwa na lalata shi.

Wanda ƙafafunsa ke yawan sagewa ya je asibiti a auna jininsa, domin shan folik kaɗai kan gyara jini alhali jijiyoyi na ci gaba da lalacewa.