Shiri Na Musamman: Cinikin Tsohuwar Katafila Da Gyaranta

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

Yau za mu leƙa wata harka ce da ake zuba miliyoyi a cikinta, wato sayen tsohuwar katafila mai tafiya a kan sarƙa, da yadda ake tashinta ta koma bakin aiki. Ko kai manomi ne mai son share daji, ko ɗan kwangilar hanya, ko mai haƙa tafkin kifi, ko kuwa kana da jari kana son ka saya ka riƙa ba da haya, to gyara zama.

(ƘARAR INJIN KATAFILA, SANNAN TA YI ƘASA A HANKALI)

Asalin wannan mota daga gona ne. A shekarar 1904, a jihar Kalifoniya ta Amurka, wani maƙerin injunan noma mai suna Benjamin Holt ya ga manyan taraktocinsa suna nutsewa a ƙasa mai laushi. Sai ya cire ƙafafun ƙarfen ya sa sarƙa mai faɗi, nauyin ya bazu, motar ta wuce inda a da take kafewa. A 1925 kamfaninsa ya haɗe da na C. L. Best, aka samu Caterpillar. A nan gida kuwa, dattawan Kano ba su manta da zamanin Gwamna Audu Bako ba, lokacin da irin waɗannan motoci suka tara ƙasar madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974.

Har gobe, in ka zaga inda ake ajiye manyan motocin aiki a Kano ko Kaduna ko Abuja, samfuran da suka fito a shekarun 1970 za ka fi cin karo da su: D6D, da D7G mai ƙarfin doki 200 da nauyin kusan tan 20, da babbarsu D8K mai ƙarfin doki 300. A gefensu akwai Komatsu ta Japan, irin su D65 da D85, sai kuma Shantui ta Sin, musamman SD22. Wasu sun shigo ta tashar Apapa ko Tin Can a Legas, wasu ta Kwatano, wasu kuma gwanjon kamfanonin gine-gine ne da suka gama kwangila.

Me ya sa ake rububin tsofaffi? Tsadar sabuwa dalili ne, amma akwai wani. Injin 3306 mai silinda shida da ke cikin D6D da D7G babu kwamfuta a jikinsa. Bakanike mai hannu zai kwance shi a daji ya ɗaure. Irinsa ne kuma a cikin gireda da janareto da yawa, don haka kayan gyaransa ba sa wuya. Motocin da aka ƙera domin Turai da Amurka daga wajen 2014 zuwa yau kuwa, suna buƙatar dizal mai tsabta ƙwarai, mai ƙarancin sinadarin salfa, da yawansu kuma sai an zuba musu wani ruwa na musamman mai tace hayaƙi. A ba su gurɓataccen mai, sai su fara kashe kansu a tsakiyar aiki.

(GAJEREN KIƊA)

To, mai sauraro, ga ka a gaban motar. Dillali ya kawo ka, fenti ruwan ɗorawa sai ɗaukar ido yake, ana ta cewa a tashe ta ka ji ƙarar inji. Dakata tukuna. Durƙusa ka fara duba ƙasa. Masana'antun da kansu sun yi ittifaƙi cewa kusan rabin kuɗin da katafila ke ci na gyara a tsawon rayuwarta, a ƙafafunta yake tafiya: sarƙa, da rololin da take birgima a kansu, da babban gargaren gaba da kanikawa ke kira aidila, da faifan haƙora na baya mai jan sarƙar, wato sufuroket.

Fara da haƙoran nan. Lafiyayyen haƙori kansa na da faɗi. In ka ga sun yi tsini, sun ci rabonsu. Daga nan sa hannu ta ƙarƙashin sarƙa, inji a kashe, ka shafa bushin da ke tsakanin gaɓoɓinta. In ka ji shi a mulmule, da sauran kwana. In ka ji gefe guda ya shafe ko ya fashe, kuɗi ne ke jiranka.

Sannan dubi inda aidila ta tsaya. Yayin da bushi da fin ɗin da ke cikinsa ke cinyewa, sarƙa tana ƙara tsawo, sai a riƙa ɗura giris ana tura aidila gaba domin ta ɗame. In ka tarar ta kai ƙarshen layinta, sarƙar ta gama miƙewa ke nan. A nan ne wasu masu sayarwa ke yin dabara: su cire gaɓa ɗaya daga sarƙar, aidila ta koma baya, mota ta yi kamar mai sabuwar ƙafa. Maganin wannan shi ne ƙirga. Ƙirga gaɓoɓin dama, ƙirga na hagu, ka gwada da adadin da littafin motar ya faɗa. Ka bi rololi ɗaya bayan ɗaya. Wadda ke yoyon mai, ko wadda ta ƙi juyawa har gefenta ya shafe, ta mutu.

Sai an gama da ƙafa ake hawa sama. Sharaɗin farko, ka iske injin da sanyinsa. In ka taɓa ka ji da ɗumi, an riga ka tashinsa, ka ce za ka dawo da sassafe. Inji mai rauni a sanyi yake tona kansa: ya daɗe yana gurnani kafin ya kama. Ka lura da hayaƙi. Shuɗi, inji na ƙona baƙin mai. Fari da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ko dai matsalar nozul ce, ko ruwa na shiga inda bai kamata ba. Baƙi wuluk ba tare da an ɗora mata kaya ba, a duba matacin iska da famfon mai. Zaro sandar gwada baƙin mai: in ya yi fari-fari ya yi kauri, ruwa ya haɗu da shi. Dubi tiyon numfashin inji, in yana feso hayaƙi da ƙarfi, ringi da silinda sun gaji.

Kada agogon awoyi ya ruɗe ka. Ana canza shi cikin minti kaɗan. Fedar birki da ta siɗe, da hannuwan sitiya da suka yi lako-lako, sun fi shi faɗin gaskiya.

Kuma kada ka yarda da gwajin zagaya fili sau ɗaya. A kai ta inda za ta tura ƙasa ta gaske, ta yi awa guda ko fiye, domin ciwon giya sai mai ya yi zafi yake fitowa. Ta shiga kowace giya, gaba da baya, ba tare da jinkiri ko fizga ba. Ta juya dama ta juya hagu daidai wa daida. A ɗaga garmar gaba a bar ta a sama, in tana saukowa da kanta, silindar haidurolik na zubar da ƙarfi ta ciki. In an tsaya, bakanikenka ya kwance murfin man giyar ƙarshe, wadda ke juya sufuroket. Ɗan laushin garin ƙarfe ba abin tsoro ba ne, amma in ya ga ɓarɓashi mai girma, haƙoran ciki sun fara karyewa, wannan gyara kuwa yana cikin mafi tsada. A ƙarshe a bi jikin firam da ido, domin sabon fenti mai kauri a wuri guda sau da yawa walda yake rufewa.

Takardu ma ciniki ne. Lambar da ke kan farantin jikin mota ta dace da ta takardar kwastam da rasit. Da wannan lamba wakilan kamfani, irin su Mantrac da ke wakiltar Caterpillar a Najeriya, ke gane samfuri da kayan da suka dace da shi. Motar da aka kankare lambarta, ko wadda aka ce ka biya a kan hoton waya tana can a jirgi, cinikin biri a sama ne.

(GAJEREN KIƊA)

An yi ciniki, an biya la'ada, an ɗora ta a motar lobed an kai gida. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, don haka mai hankali ba ya ƙarar da jarinsa a wurin saye, yana ware na gyara tun kafin ya taya.

Aikin farko, a juye duk wani mai da ke cikinta, na inji da na giya da na haidurolik, a canza matatai, a wanke tankin dizal da lagireto. Daga nan a bi gyara bisa tsari: birki da sitiya tukuna, saboda rai, sannan yoyo, sannan ƙafa. Fenti shi ne na ƙarshe.

A gyaran ƙafa akwai hanyoyin rage asara. In bushi bai huje ba, ana kai sarƙa wurin masu injin matsewa su zare fin da bushi su juya su, gefen da bai ci ba ya koma yana aiki. Ana cike aidila da rola da walda a sake gogewa. Ana ɗora sabon ƙarfe a kan takalman sarƙa da suka siɗe. Amma kada a haɗa sabuwar sarƙa da tsohon sufuroket, domin tsohon zai cinye sabuwar. Kayan gyara kuwa hawa uku ne: na kamfani, da na wasu masana'antu masu suna, da na kwance irin wanda ake nema a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna. Na kwance na iya yin rana a murfi ko ƙarfen jiki, amma abin da zai shiga cikin inji, a sayi mai kyau.

Sauran kuma yana hannun direba. Sarƙar da aka ɗame fiye da kima, da gudu da baya, da yawan juyawa gefe guda, su ke cinye ƙafa kafin lokacinta. A lokacin hunturu a riƙa duba matacin iska kullum. Baƙin mai a tsofaffin injuna, duk awa 250. A kankare taɓo daga rololi kafin ya bushe. Damina kuma, lokacin da aikin ƙasa ke ja baya, ita ce lokacin babban gyara.

Kanikawa da yaran gareji, ga naku. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin garma sai an sauke ta ƙasa ko an tokare ta da ƙarfe. Kada a nemi yoyon haidurolik da tafin hannu, man na iya huda fata. Giris ɗin da ke ɗame sarƙa yana cikin matsi mai tsanani, a sassauta bawul ɗinsa a hankali, fuska a kauce. Murfin lagireto kuma sai inji ya huce.

Masu sauraro, shawarar shirin ita ce: kada ka je cinikin katafila sai da bakaniken da kai ka ɗauko, kai za ka biya shi, ba wanda dillali ya kawo ba. Ku fara daga ƙafa, ku gwada ta a bakin aiki, ku lissafa kuɗin gyara ku ɗora a kan farashi. In lissafin bai fita ba, ka riƙe kuɗinka, wata tana nan tafe.

A nan muka kawo ƙarshen shirin na yau.

(KIƊAN RUFE SHIRI)