Littattafai Biyar Don 'Yan Kasuwar Kan Iyaka

Duk ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Jibiya, ko Ƙonni da Illela, ya san zaman jiran mota da na jami'an kwastan. Maimakon wayar salula ta cinye wannan lokaci, ga littattafan da ya kamata a riƙa sakawa cikin jaka.

Na farko shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934. Labarin yaro ne da aka sace, ayarin fatake ya ƙetara Sahara da shi, uwarsa kuma ta bi sawu tana cigiya. Sai Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, na 1982, wanda ya tona asirin fasa-ƙwauri da cin hanci. Masu jin Faransanci su nemi Sarraounia na Abdoulaye Mamani, kan turjiyar da Sarauniyar Lugu ta yi wa sojojin Faransa a 1899.

A ɓangaren labarin gaskiya, akwai Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, tarihin birnin da galibin hajarmu ke fitowa. Akwai kuma Tafiya Mabuɗin Ilmi, inda Abubakar Imam ya ba da labarin zuwansa Ingila a 1943.

Jama'a, in kun gama karantawa, ku miƙa wa yaran shago da 'ya'yanku. Da yawansu Faransanci suke koyo a makaranta, ba su saba karatun Hausa ba.